Jan Ƙyallen da Na Ɗaura wa Nicanor

Litinin, 6 ga Yuni 1904
Mun kama 'yan Fari tara, 'yan tawayen nan masu farin ƙyalle a malafa, a mashayar rafi. Ina bisa doki ina duba su sai na ji an ce, "Compadre, aikin gwamnati ya karɓe ka, har tumbi." Nicanor Bentancor ne, wanda ya riƙe 'yata Ermelinda ranar baftisma, shi ya sa muke kiran juna compadre. Na ja linzami. Shi kuwa dariya yake, jini na bin kunnensa.

Talata, 7
Tun safe Saje Tiburcio ke wasa wuƙa. Za mu tashi, kuma fursuna ba a ba shi doki, kowa ya san sauran. Na kwance jan ƙyallen malafata, na fizge farin nasa, na ɗaura masa nawa. Na ce wa Kanar mutumin ya dawo ɓangarenmu. Nicanor ya ce, "Tsohuwata ce fa ta ɗinka wancan." Na ce, "Rufe mini baki ka sha shayin mate."
Sauran takwas ɗin, ba zan rubuta ba.

Laraba, 8
Na sa Nicanor korar dawakin canji, can baya inda harsashi ba ya kaiwa. Yau na iya cin nama.

Juma'a, 10
'Yan Fari sun faɗa wa dawakin canji da hantsi, cikin hazo. Kafin mu juyo sun kwashe su.
Nicanor na kwance, ba rai. Mashi biyu a ƙirji.
Wani soja da ya ɓuya a ciyawa ya ce da gudu Nicanor ya tare su, hannu sama, yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Duk ya san su. Ba wanda ya dubi fuskarsa, malafar suka duba.
Ni na ɗaura masa jan ƙyallen. Har ƙulli biyu na yi don kada iska ta ɗauke. Tsoro nake ji, ban san na me ba.

Asabar, 11
Me zan ce wa Ermelinda?

Lahadi, 19
Kanar ya ga malafata ba ƙyalle, ya aiko da sabo. Yana aljihuna tare da farin. Tiburcio ya ce, "Kyaftin, haka za ka fita yaƙi gobe? Namu ma sai su harbe ka." Na ce sanyi ne ya hana yatsuna ƙulli. Sanyi ne kawai.
Na goge sirdi. Malafar na rataye ta yadda take.