Ranar Da Inna Ta Rungumi Kwamanda

Zuwa ga Yayana abin alfaharina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya ƙara maka ƙarfin jiki a kan aikinka, Ya sauƙaƙa muku zaman baƙunta. Mu nan duk lafiya lau muke. Ciwon gwiwar Inna ya yi sauƙi, har tana hawa matakalar shagona ba tare da ta tsaya a tsakiya ta huta ba. Auta ya gama koyon gyaran firij, maigidansa ya fara barin masa shago. Kawu kuma yana nan yadda ka san shi, idan labari ya shiga kunnensa da safe, kafin azahar ya yi masa hannu da ƙafa ya sake shi gari.

Saboda Kawun ne ma na zauna rubuta maka. Auta ya ce ka kira shi ranka a ɓace, kana tambaya ko gaskiya ne na kai Inna ta fito a fim, fim ɗin ma na 'yan ta'adda masu garkuwa da mutane. Gaskiya ne, Yaya. Na san abin da ya taɓa maka zuciya, domin ni ma shi ya fara taɓa tawa. Amma wannan labari ya fi ƙarfin waya, don haka ka yi haƙuri ka karanta har ƙarshe, sannan ka yi mini faɗan idan har yanzu kana jin sa.

Ka san ni da finafinan sojoji tun muna yara, kai ne ma kake tsokanata cewa da namiji ce ni da tuni na gudu bariki. Ka kuma san tun da aka tare motar su Baba a hanya aka shiga da su daji, muka yi ta jira har jiran ya zama shekaru, Inna ta hana irin waɗannan finafinai a gidanmu. Da ta ji ƙarar bindiga a talabijin za ta tashi ta zare wayar wutar daga bango. Ni dai ban iya dainawa ba, a shago nake kallona a waya idan ɗinki ya yi sauƙi. Na san ƙarya ce. Tun kafin a fara na san sojojin za su iso a daidai lokacin da mugun ya ɗaga bindiga, na san za a harbi shugabansu a kafaɗa amma ba zai faɗi ba, na san a ƙarshe za a ɗaga tuta a saki kiɗan nan mai sa ƙirji ya cika. Duk da haka, kullum sai tsigar jikina ta tashi kamar ban taɓa gani ba.

To ka yi tunanin yadda na ji ranar da wata mata ta hawo shagona ta ce ita ce mai kula da tufafin 'yan wasa a wani sabon fim, tana neman telar da za ta ɗinka kakin sojoji cikin gaggawa. Saura kaɗan in ɗinke yatsana. Ni da yaran shagona muka yi kwana biyu ba mu san inda kanmu yake ba, shago ya cika da koren yadi da maɓallai har ba wurin ajiye ƙafa. Da muka kai kayan, sai aka ce in riƙa zuwa wurin ɗaukar fim ɗin da keken ɗinkina, domin jaruman nan da ka gani suna tsalle ta taga, kowane tsalle sai wando ya yage. Na faɗa wa Inna gaskiyar aikin tun ranar farko. Ta dube ni ta ce aiki aiki ne, ta ci gaba da abin da take yi.

A wata tsohuwar tashar mota da aka daina amfani da ita ake ɗaukar fim ɗin. Babban ɗakin jira ne mai dogayen bencina da fenti ya ɓaɓɓare, ga tagar sayar da tikiti da ƙaramar ƙofarta, ga fankoki a sama da ba sa juyawa. Labarin shi ne 'yan ta'adda sun mamaye tashar sun tsare fasinjoji, sojoji kuma suna neman hanyar shiga. Yaya, da ka ga abin da na gani da ka yi dariya har cikinka ya yi ciwo. Jinin da ke ba ni tsoro ashe ruwan sukari ne da kala, ƙudaje suna bin gawawwaki, gawawwakin suna korarsu a ɓoye. Shugaban 'yan ta'addan, wanda kowa ke kira Gemu, mutum ne mai sanyin hali da ke gaisar da kowa har da mai shara, kuma sai ya toshe kunnensa da auduga kafin a saki ƙara. Jarumin fim ɗin, wani dogon saurayi da muke kira Kwamanda, shi ya fi kowa kawo mini wando.

Wata rana na manta tabarauna a gida, sai ga Inna, Auta ya ɗauko ta a babur ta kawo mini shi. Ta shigo daidai lokacin da aka zaunar da fasinjojin ƙarya a ƙasa, maza da mata, hannayensu a ka, Gemu yana zagaya su da bindiga. Na yi wurgi da almakashi na ruga in fitar da ita, amma ta kafe a bakin ƙofa kamar an dasa ta. Ta daɗe tana kallonsu, sannan ta tambaye ni a hankali me zai faru da waɗannan bayin Allah a ƙarshe. Na ce sojoji za su zo su cece su. Ta ce dukkansu? Na ce dukkansu, ba wanda za a bari. Sai ta tambaya ko ana barin mutum ya zauna a cikinsu.

Darakta yana kusa, ya ji ta, kuma dama yana neman dattijuwa a cikin fasinjojin. Na ja shi gefe na gaya masa labarin Baba, na ce masa tana da hawan jini, kada ya soma. Mutumin kirki ne, ya ce ba zai sa ta ba sai dai in ita ta nace, ya je ya durƙusa ya yi mata bayanin ƙara da hayaƙin da za a yi. Ta ce shekara da shekaru tana jira daga waje, ba ta san yadda cikin yake ba. Tana so ta zauna inda mijinta ya zauna, ko da na wasa ne, kuma tana so ta ga ƙofar ta buɗe da idonta. Ka gaya mini, Yaya, da kai ne a wurin me za ka ce mata?

Haka aka fara. Ina ajiye maganinta a aljihuna, Auta yana barin shago ya zo ya tsaya bayan kyamara da ruwa a hannu. Ranar farko na yi ta kallon fuskarta ina jiran ta karaya, ashe mu ne za mu sha mamaki. Gemu ya zo ya gaishe ta har ƙasa, ya roƙe ta gafara tun kafin ya daka mata tsawa. Da aka gama ɗauka ta kira shi ta ce tsawar tasa ba ta da ƙarfi, ƙaninta Kawu ya fi shi ihu idan shayinsa ya huce, ya sake lale. Kowa ya fashe da dariya. Kafin kwana kaɗan ta zama uwar wurin, ana kawo mata kujera, ita kuma tana yi wa sojoji faɗa idan suka bar abinci a faranti. Rabon da in ji dariyarta haka har na manta.

Sai ranar ceto ta zo. Umurnin da aka ba fasinjoji shi ne kowa ya kwanta a ƙasa kada ya motsa har sai soja ya taɓa shi. Aka cika ɗakin da hayaƙi, aka saki ƙara har bencina suna rawa, tagogi suka tarwatse, sai ga ƙofa ta faɗo gaba ɗayanta, Kwamanda ya shigo da mutanensa cikin kakin da na ɗinka da hannuna. Na san wasa ne, na san har inda na yi masa faci a wandon, amma wallahi sai da na shiga yi musu addu'a. Ana cikin haka sai na ga mutum ɗaya ya miƙe a tsakiyar waɗanda ke kwance. Inna ce. Ta ratsa hayaƙin nan da gwiwarta mai ciwo, ta tsallake mutane, ta je ta kama gaban rigar Kwamanda da hannu biyu. Ta kira shi ɗanta, ta ce masa sun makara ƙwarai amma dai sun zo, ta kifa kanta a ƙirjinsa ta fashe da kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka kawo mana labarin Baba.

Yaron nan ya manta fim yake yi. Ya saki bindiga ta faɗi, ya riƙe ta, shi ma hawaye suna wanke baƙin da aka shafa masa a fuska. Darakta ya ɗaga hannu ya hana kowa motsi, kyamara ta ci gaba da aikinta. Gemu, wanda ya kamata a ce ya mutu a gefen tagar tikiti, yana kwance yana sheshsheƙa. Ni kuwa ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Da muka koma gida na auna jininta na ga lafiya lau, ta ci abinci sosai, ta kwanta ta yi barci mai nauyi. Daga baya Darakta ya zo har gida ya nemi izininta kafin ya bar wannan ɓangaren a cikin fim ɗin, ta ce ya bari.

Ranar Asabar da ta wuce da la'asar aka fara nuna shi a sinima, aka ba mu kujerun gaba. Kawu, wanda ya gama zagaya dangi yana cewa na zubar da mutuncin gida, shi ya riga kowa zuwa da sabuwar hula, yana gaya wa duk wanda ya tsaya kusa da shi cewa yayarsa ce a ciki. Ɗakin ya cika maƙil. Ka ji ihu da fito lokacin da sojoji suka fara rarrafe ta bayan tashar, wani dattijo a bayanmu yana ta gargaɗinsu cewa akwai mutum a bayan ƙofa, kamar za su ji shi. Ni ma da na san komai sai da na miƙe tsaye. Amma da Inna ta tashi a cikin hayaƙin nan, ɗakin ya yi tsit, ko tari ba ka ji. Sannan aka fara tafi daga baya, ya taho kamar ruwan sama a kan kwano, mutane suka miƙe gaba ɗaya.

Da aka kunna fitilu aka gane ta, mata suka kewaye ta. Wata ta ce an ɗauke ɗanta a hanyar makaranta bai dawo ba, wata ta ce mijinta soja ne yana can daji yanzu haka. Ina kallonsu sai na gane abin da ke kai mu gidan kallo, ni da su. Ba bindigogin ba ne. Kusan kowa a ɗakin nan yana da wanda ƙofa ba ta buɗe masa ba, kuma na ɗan wannan lokaci muna samun ƙasar da ba ta manta da nata, wadda ke aika 'ya'yanta su shiga wuta saboda talaka ɗaya mai jiran mota. Auta ya ce irin waɗannan finafinai suna sa yaƙi ya yi kama da abin daɗi, kuma ban ce ya yi ƙarya ba. Inna ta ba shi amsa cewa ita ma ta san wasa ne, amma a nuna wa masu kakin gaske da manyansu, ko sa ji kunya su ji kishi.

Abin da ya sa na ce ka karanta har ƙarshe shi ne wannan. Shekaranjiya da hantsi Inna ta hawo shagona da ƙunshi a hannu. Ta kwance shi a kan teburin yanka, sai ga shuɗiyar rigar Baba, wadda take gogewa tana mayarwa akwati duk shekarun nan ko zai dawo ya sa. Ta ce in gyara ta daidai jikinka in aika maka, domin mai ita ba ya bukatarta a inda yake. Sannan ta ce Allah Ya jiƙansa. Yaya, ka san ba ta taɓa yarda wani ya faɗi wannan kalma a gabanta ba, balle ta fito daga bakinta. Na amsa da amin, sannan ta ce in tashi in yi aikina.

Rigar tana cikin ƙunshin da ke tare da wannan takarda. Ban rage ta da yawa ba, domin hoton da Anti ta turo ya nuna mini zaman can ya karɓe ka.

Ka gaida mini Anti da kyau, ka shafa mini kan takwarar Inna da ƙaninta Sarkin Ɓarna. Inna tana sa muku albarka, Auta da Kawu da yaran shagona duk suna gaisuwa. Idan ka sa rigar, ka kira Inna da kanka ka gaya mata ta yi maka daidai. Tana jiran wannan kiran.

Allah Ya sada mu da alheri.

Taka har kullum,
Ƙanwarka, 'Yar Allura