Baba Tanko Yana Jiran a Sauke Masa Kilawud a Sito

Zuwa ga Maigirma Darakta,
Ofishin Tantance 'Yan Kwangila da Sayayya.

Ranka ya daɗe, ina gaishe ka gaisuwar girmamawa, kai da duk ma'aikatanka, tun daga masu gadin ƙofa da suka riga suka haddace fuskata har zuwa na ofishin sama. Ya aiki, ya iyali, ya kuma ruwan bana?

Sunana Bilkisu, ina zaune a Nasarawa, nan Kaduna ta Kudu. Koke na kawo, kuma koke ne na gaske, amma ka yi mini afuwa idan ka ji wasiƙar tana tsalle-tsalle. Abin da ya same ni rabinsa daɗi ne da ban taɓa jin irinsa ba, ɗaya rabin kuwa duk wanda na ba labari sai ya riƙe ciki don dariya kafin ya ce mini Allah ya kyauta.

Na yi shekaru ina da shagon buga takardu da fotokwafi. Daga baya muka haɗa hannu da Istifanus, wani mai gyaran kwamfuta da ke zaune a Kamazou, muka yi wa ƙaramin kamfani rajista. Aikinmu shi ne mu kama hayar wuri a manyan kwamfutocin da ke intanet, mu tsara wa ofis ko makaranta ko asibiti yadda za su riƙa ajiye bayanansu a can, su buɗe ta waya duk lokacin da suke so, mu kuma koya wa ma'aikatansu. Wannan ne ake kira kilawud. Ba a ɗaukar sa a kai, ba a loda shi a mota. Ka riƙe mini wannan maganar, ranka ya daɗe, don a kanta komai ya cije.

Na ɗaya, godiya.

Tsarin da ofishinka ya kawo na jerin amintattun masu sayar wa gwamnati kaya, wallahi tsari ne mai kyau, kuma zan faɗa a ko'ina. A da, irinmu ko ƙofar neman kwangila ba ma leƙawa. Yanzu sau ɗaya za a tantance ka, a sa sunanka da bayanin abin da kake sayarwa da farashinsa a shafin intanet na ofishinku, duk wata ma'aikata ko asibiti da ke buƙata sai ta duba ta zaɓa, ba sai ka san wani ba. Ni da ba ni da kawu a ko'ina, me ya fi mini wannan?

Ranar da saƙo ya shigo cewa an karɓe mu, ina cikin keke za ni Sabon Tasha. Ban san na yi ihu ba sai da mai keken ya taka birki, matar da ke gefena ta dafe kwandon tumatirinta tana tambaya ko haihuwa aka yi. Na ce mata ai ta fi haihuwa wuya. Da na koma shago na tarar Istifanus, mutum mai 'ya'ya huɗu, dattijo a cocinsu, yana tiƙar rawa a bakin titi, makanikan da ke maƙwabtaka da mu suna buga masa sifana a jikin garwa ba tare da sun san dalili ba. Na sayi lemo na raba wa kowa, har da wani mai tallan takalma da wucewa kawai yake yi.

Na biyu, yadda muka shiga.

Sai a karo na uku aka karɓe mu, kuma ƙofar shiga jerin ba kullum take buɗe ba; idan ka faɗi, sai ka yi watanni kana jiran a sake buɗewa. Karo na farko an ƙi mu saboda ba mu haɗa hoton ɗakin ajiyar kaya da takardun motar kai kaya ba. Karo na biyu saboda mun bar gurbin rukunin kaya babu komai, domin mun duba daga sama har ƙasa babu inda sana'armu ta dace. A karo na uku Istifanus ya ce mu ba fom abin da yake so. Muka ɗauki hoton shagonmu da kabad ɗinsa guda ɗaya, muka ɗauki hoton babur ɗinsa, muka rubuta a ƙasa ɓaro-ɓaro cewa wannan shago ne, wannan kuma babur ne, ba mu da sito ba mu da mota domin kayanmu ba ya buƙatar su. A gurbin rukuni muka zaɓi "kayan ofis". Nan take aka amince. Yanzu haka idan ka buɗe shafin za ka gan mu zaune daram tsakanin masu kujeru da masu labule.

Na uku, cinikinmu na farko.

Akwai wani ƙaramin asibitin gwamnati a Unguwar Boro, shugabarsa ita ce Sista Rifkatu, ungozoma ce da ta daɗe a aiki. Daminar bara rufin ɗakin katinsu ya yi yoyo, katunan masu zuwa awo suka jiƙe suka manne da juna kamar waina. Da aka ba ta izinin sayen abin adana katuna, sai ta shiga shafinku neman kabad na ƙarfe. Tana cikin duba masu kabad sai ta ga wasu sun rubuta "ajiyar bayanan marasa lafiya". Ta kira lambata, tambayarta ta farko ita ce, "Madam, kabad ɗin naku ruwa yana shiga?" Na ce mata ko ruwa, ko ɓera, ko gara. Ta ce in zo ta gani da idonta. Ka ga ke nan kuskuren rukuni ne ya kawo mana ciniki, shi ya sa har yau na rasa ko in yi ƙorafi a kansa ko in yi masa godiya.

Ta gani, ta gamsu, shugabanninta suka amince, aka ba mu oda ta shafin. Sati shida muka yi ni da Istifanus muna ɓamɓare katuna ɗaya bayan ɗaya muna shigarwa. Wanda ruwa ya cinye rubutunsa, sai mu jira ranar Alhamis, ranar awo, mu tambayi mai shi baki da baki.

Ga abin da ya sa nake ta rawar kai. Wata Talata da hantsi aka kawo wata mata tana naƙuda, ba kati, ba miji a kusa, maƙwabciyar da ta rako ta ko cikakken sunanta ba ta sani ba. Sista ta buga lambar wayar matar a tabilet, wato 'yar kwamfutar hannu ta asibitin, bayaninta ya fito, aka ga an rubuta cewa a haihuwarta ta baya ta zubar da jini sosai har sai da aka yi mata ƙari. Sista ba ta tsaya gwada sa'a ba, ta sa ta a mota zuwa babban asibiti. Jinin ya sake ɓallewa kuwa, amma a inda ake da abin tarar sa. Uwa da ɗa suna nan lafiya. Da Sista ta kira ta gaya mini, ina tsakiyar yi wa wani ɗalibi fotokwafi. Na zauna a ƙasa ina kuka ina dariya, injin yana ta fitar da shafi ɗaya har takarda ta ƙare. Ni Bilkisu mai shagon fotokwafi!

Na huɗu, kuma nan ne koken yake.

Ƙa'idarku ta ce oda ba ta cika sai mai kula da sito ya ga kaya, ya ƙirga, ya sa hannu a takardar karɓar kaya. Aka tura ni wurin Baba Tanko, dattijo mai furfura wanda sitonsa ya fi ɗakin amarya tsafta. Na kira shi na ce zan zo Litinin. Ranka ya daɗe, da na isa na tarar bawan Allahn nan ya share kusurwa guda, ya shimfiɗa katako a ƙasa saboda danshi, ya wangale ƙofar sito don mota ta samu shiga da baya. Muka gaisa, ya leƙa bayana, ya ce, "'Yata, ina motar?" Na ce babu mota, Baba. Ya ce to kwali nawa ne, a kawo baro. Na fito da wayata na nuna masa. Ya karɓa, ya juya ta gaba da baya, ya ce, "Wannan ai taki ce."

Ban so in yi dariya a gaban babba ba, amma ta ƙwace mini, har sai da na jingina da bango. Shi ma ya taya ni. Da muka nutsu sai ya ɗauko fom ɗin ya shimfiɗa a tebur, ya bi da yatsa: adadi, launi, lambar jikin kaya, lambar kantar da aka ajiye. Ya ce in gaya masa wane launi zai rubuta. Sannan ya ce mini, cikin taushin murya, tun da ya kama aikin nan bai taɓa sa hannu a kan abin da bai ƙirga ba, kuma ba zai fara a kaina ba. Ina so wannan ya fito sarai a wasiƙar nan: ba ƙarar Baba Tanko na kawo ba. Da duk sito na gwamnati irinsa ne ke riƙe da makulli, da ko tsintsiya ba ta ɓata ba. Fom ɗin ne bai san akwai abin da ake saya ba a ajiye shi a kanta ba.

Ba a nan ya tsaya ba. Ranar Alhamis sai ga shi a asibitin, da kuɗin kekensa, ya ce ya zo ƙirga. Ashe ma a unguwar yake zaune, kuma nan yake zuwa awon jini. Ya ce wa Sista in dai gaskiya ne, ta nemo shi a cikin kilawud ɗin. Ta buga sunansa. Ga shi nan, da duk ranakun da ya zo, da maganin da aka ba shi, da wata biyun da ya yi bai leƙo ba. Sista ta kama yi masa faɗa a gaban mata masu ciki, suna ta shewa, shi kuwa ya cire hula yana cewa, "Na gani, na gani, a rufe!" Kafin ya tafi sai da aka gwada shi.

Washegari ya zauna ya rubuta takarda da hannunsa cewa ya je, ya ga aikin yana gudana, ya gamsu, ya buga hatiminsa. Muka kai ofishinka. Aka ce mana shafin intanet ba ya karɓar wasiƙa, fom kawai yake karɓa, kuma ba ya karɓar fom idan gurbin adadi da na launi babu komai.

Na biyar, abin da ke tafe.

Shafin yana nuna mana cewa idan wata ya ƙare ba a shigar da takardar karɓa ba, odar za ta soke kanta. Yarjejeniyar da muka sa wa hannu kuma ta ce idan an soke oda, dole mu mayar wa gwamnati bayananta mu goge namu. Ƙa'ida ce mai kyau, ban ƙi ta ba, sirrin mutane ne. Amma mu mayar ina? Asibitin ba shi da komai sai tabilet biyu. Ma'anarsa in koma kan tsohon injina in buga komai a takarda, in kai wa Sista ta jera a ɗakin da har yau ba a gyara rufinsa ba. Na rubuto maka sau biyu, na zo da ƙafata sau uku, kullum ana ce mini Oga yana mitin. Na yarda kana mitin. Shi ya sa na mai da wannan buɗaɗɗiyar wasiƙa, ko wani da ke zaune kusa da kai a mitin ɗin zai miƙo maka.

Ga roƙona, ranka ya daɗe.

Da farko, ka ba da umarni a dakatar da sokewar odar asibitin Unguwar Boro, a karɓi takardar Baba Tanko a matsayin shaida kafin wata ya ƙare. Wannan shi ne na gaggawa, sauran za su iya jira.

Sannan a fitar da fom na dabam don aikin da ake saya ba kaya ba, wanda zai tambayi abin da ya kamata a tambaya: shin yana aiki, wa ya gwada, wa ke da izinin buɗewa, ina bayanan za su koma idan an rabu. Wallahi ni da Istifanus za mu buga muku shi kyauta. A kuma ware mana rukuninmu a jerin, a daina neman hoton mota a wurin wanda ba ya ɗaukar kaya, domin na san matasa da yawa daga Kakuri zuwa Kamazou da suka fi mu iya aikin nan, wannan gurbin kaɗai ya kore su.

Idan kuma da hali, ka zo da kanka wata Alhamis. Sista ta ce za ta ba ka kujera mai kyau, amma ka sani duk wanda ya shiga wurinta sai ta gwada jininsa.

Abu na ƙarshe, Baba Tanko zai yi ritaya Juma'ar ƙarshen watan nan. Ya ce mini bai taɓa tafiya ko hutu ya bar fayil a buɗe ba, kuma namu ne kaɗai ya rage a teburinsa. Jiya na biya ta wurinsa, ya nuna mini sabon biro a aljihun gaban rigarsa, ko murfinsa bai cire ba. Ya ce da shi zai sa hannu, ranar da aka kawo masa takardar da zai iya cikawa ba tare da ya yi ƙarya ba.

Allah ya ba ka lafiya da basira, ya sa ka gama da kujerar nan da mutuncinka, ya raya maka zuriya, ya haɗa ka da ma'aikata masu amana. Allah ya sauki matan Unguwar Boro lafiya.

Taka mai biyayya,
Bilkisu, Nasarawa, Kaduna.

Wassalam.