Taku Biyar a Ruwan da Na Ɓata

Ta taka! 'Yarki ta taka da ƙafarta, taku biyar, ba mai riƙe da ita, cikin ruwan da ya kai mata ƙirji, jiya da hantsi. Da bakina na ƙirga.

Gafarta mini, na shigo ba sallama. Assalamu alaikum, 'yata. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki, aiki kuma yana yi muku da sauƙi. Mu nan lafiya sai godiya. Mahaifiyarki na fama da gwiwarta kamar kullum, ƙanenki ya fara jarrabawa. Ni kuwa a kishingiɗe nake rubutun nan, don bayana ya ƙi zama. Idan kin ga layin ya karkace, ki yi mini uzuri, rubutun da aka koya da furfura a ajin yamma ba ya jure gajiya.

Kin tuna abin da babbar likita ta ce wancan zuwan. Idan ta dawo ta ga Amaryata, jikar tawa, ta iya ɗaukar nauyin jikinta a cikin ruwa, za a ɗage tiyatar, a ci gaba da motsa ƙafar. Idan ba ta gani ba, za ta rubuta sunanta cikin masu shiga ɗakin yanka. Sau ɗaya take zuwa a wata biyu. To, saura kwana tara ta zo, ni kakan yarinyar, mai kula da wurin ninƙayar cibiyar da ake motsa wa yara jiki, na ɓata ruwan da hannuna.

Ga yadda aka yi. Ruwan ya ɗan ja baya saboda zafi, sai hadari ya haɗu. Na ce a raina, ga na Allah ya zo, wanda muke tara a bokiti mu sha, me zai fi shi tsabta? Na yaye tamfol ɗin da ke rufe wurin, na bar shi a buɗe kwana biyu ana zuba. Har ina yaba wa kaina dabara. Rana ta uku ruwan ya dushe, ta huɗu bango ya fara santsi, gansakuka ta fito a kusurwa. Malamar motsa jiki ta sa hannu a ruwan, ta shafa fuska, idonta ya yi ja. Ta rufe ƙofa, ta ce ba yaron da zai shiga sai an gyara. Ba ta yi mini faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Na ɗauka magani ne ya yi kaɗan, na antaya kilorin. Wari ya tashi, ruwan bai gyaru ba. Sai na zauna da takardar da ke cikin akwatin gwaji, wadda na shekara ina naɗe tsumma da ita, na karanta da yatsa, na kuma je wurin mai sayar mana da sinadarai. Ya yi dariya, ya ce Baba, ruwan sama mai kyau ne a tulu, amma yana da ɗan tsamin da harshe ba ya ji, kuma fanko ne, babu komai a cikinsa. Ruwan ninƙaya yana da wani gishiri-gishiri da ke tare masa tsami, kamar yadda kanwa ke yi. Ruwan sama ya tsinka wannan, ya tsinka kilorin, ya kuma kwaso ƙura da ganye. Idan matarin tsamin ya yi ƙasa, abu kaɗan ke juya ruwan, yau nan gobe can. Ya ce in ɗiga maganin gwaji in ƙirga har launi ya sauya, ana son ɗigo takwas zuwa sha biyu. Na gwada. Uku.

Daga nan aiki ya fara. Na rage ruwan, na goge bango da dogon burushi, na kwashe ganye, na wanke abin tace ruwan. Garin soda ake sa wa, kaɗan-kaɗan, a bar famfo ya juya awa shida, a sake gwadawa. Gaggawa ta sa na zuba da yawa a tashi ɗaya, ruwan ya koma kamar an zuba madara, na yi asarar kwana guda. Da ya fara daidaita sai aka sake yin ruwa kafin in gama jan tamfol, ni kaɗai, iska na fizge shi. Ɗigo bakwai ya koma biyar. Na zauna a bakin matakala, wallahi ban iya tashi ba. Da na koma gida Amaryata ta ce wane irin miji ne wannan, ruwa ma ya gagare shi, ita kam za ta sake shawara. Na yi dariya, amma abincin bai shiga ba. Mahaifiyarki ta ce wanda ya ɓata rawarsa da tsalle ba ya zargin makaɗi, sannan ta shafa mini man zafi.

Safiyar zuwan likita na gwada sau uku don ban yarda da idona ba. Tara, tara, tara. Ana hango layin tayil na ƙasa. Malamar ta gwada da kanta, ta buɗe ƙofa. Aka saukar da yarinyar, ta riƙe ƙarfe, ta dube ni a ɗaya gefen, ta ce in matsa kada in tsare mata hanya. Ta saki. A na biyar ta faɗa jikin malamar tana haki. Likita ta ce an ɗage tiyatar, a ci gaba sau uku a mako, amma kada mu yi saurin murna, tudu daban ne da ruwa. Na ji, kuma na yi murnata.

Ki gaida maigidanki da surukarki, da yayanki idan kun yi waya. Mahaifiyarki da ƙanenki suna gaisuwa. Damina ba ta ƙare ba, ni ma ƙarfina ba kamar da ba, amma ran Litinin da Laraba da Asabar ƙarfe goma take shiga. Ki nemi hutu ko na kwana uku ne. Ki zo da maigidanki, ki gaya wa yayanki ya zo da iyalinsa, akwai benci a inuwa da zai ɗauke ku duka. Ku zo ku gani da idonku.

Mahaifinki.