Hatimin Gidan Vauclair

Litinin, 3 ga Maris

Ranar Asabar gidan abincinmu zai cika shekara hamsin a Lyon. Baba ya ce zai sauko kicin ya "duba". Shekararsa tamanin da ɗaya, ƙafa ɗaya ta mutu, amma bakin nan lafiya lau. Shekara tara ke nan da na karɓi wurin daga hannunsa, ban taɓa dukan kowa ba. Rantsuwa na yi, kuma ita kaɗai ce abin da na ƙara wa gidan.

Laraba, 5 ga Maris

Tsofaffin kukunsa sun zo ɗaukar hoto, kowa ya zama babban shef, kowa da tumbinsa. Suka nannaɗe hannun riga suna gwada tabo. A zamaninsa Baba kan bar cokali a kan murhu, wanda ya aiko da miya mai sanyi sai ya ɗora masa a bayan hannu. Hatimin gida suke kiransa. Fulbert, wanda gidan abincinsa ke da lambar yabo ta taurari biyu yanzu, ya ɗaga nasa yana ƙyaƙyata dariya: "Solène, ina naki? Ko 'yar gida ba ta sha ba?" Biyu gare ni. Na tura hannu aljihu.

Alhamis, 6 ga Maris

Baba ya ɗanɗana miyar jatan landen Maëlle, ya tofar a kan takalminta, ya kai mata duka da ludayi. Na tare, ya same ni a gwiwar hannu. Maëlle ce mai miyarmu, kaf Lyon babu harshe irin nata.

"Shef, don ke na zo gidan nan, ba don tsohon nan ba," in ji ta. "Ranar da aka taɓa ni, na tafi."

Na ce ba za a taɓa ta ba.

Juma'a, 7 ga Maris

Hannu ya kumbura. Haushi kamar in fasa komai.

Asabar, 8 ga Maris

Baƙi tamanin a abincin rana. Kifin Baba, wanda ya yi wa gidan suna, shi ne na uku a jerin abincin. Baba ya zauna a kujera kusa da ni, kallo kawai. Faranti na sha biyu na taɓa miyar, sanyi. An bar taga a buɗe. Ban san sanda na ɗauki cokalin daga kan murhu ba. Na dai ji ƙauri, na ga hannun Maëlle a cikin nawa.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "To, Shef." Ta gama aikinta da hannu ɗaya, ta cire rigar aiki ta ninke, ta fita.

Sauran faranti sittin da takwas sun fita ba aibi ko ɗaya. A kicin babu mai ɗaga kai ya dube ni. A zaure baƙi suka miƙe suna tafa mana.

Lahadi, 9 ga Maris

Na kira Maëlle sau huɗu, ba ta ɗauka ba.

Baba ya tsaya a bakin ƙofa zai tafi, ya ce, "Sai gobe, Shef." Tunda ya haife ni bai taɓa kirana haka ba.

Ya kamata in tofa masa yawu. Allah ya yafe mini, daɗi na ji.