Wa Zai Sa Hannu a Hayar Ofis?

Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kwas ɗinka na tafiya lafiya. Mai ginin da ofishinmu na zanen gidaje yake ya aiko takarda: saura wata biyar hayarmu ta ƙare, ko mu sabunta ko mu tashi. Baba ya ce in fara neman wuri tun yanzu. Na duba uku, na kusa da tashar mota ya fi kwanta mini. Ƙasan bene ne, ga babbar taga. Baba ya ce ni zan sa hannu.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Na amsa gaisuwa. Ke za ki sa hannu? Shekara tara ina hawa benen nan da kwalin takardu a ka, lokacin ko fensir ba ki iya fiƙewa ba. Wata huɗu kacal da tafiyata har an naɗa ki shugaba! Makon jiya Baba ya rubuto mini shafi biyu, ko kalma ɗaya babu a kan haya. Ke ce 'yar shawara, ni kuwa baƙo. A sabon wurin ina za ku ajiye teburina, bayan ƙofa? Kada a taɓa komai sai na dawo.

Ki gaida Inna.
Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, ka yi haƙuri. Baba ya hana ni faɗa, amma ka ƙure ni. Idonsa ne. Sau biyu yana tuntuɓe a matakala, ranar Talata har ya fasa goshi. Da takardar hayar ta zo ya juya ta, ya sake juyawa, sannan ya miƙo mini ya ce, "Karanta, Auta, na mance tabarau." Tabarau ɗin na kan hancinsa. Shafi biyun nan ma shi ya faɗa, ni na buga. Ya ce, "Kada yayanki ya ji, zai bar karatu ya taho." Masu sabon wurin suna jiran amsa kafin ƙarshen wata.

Allah ya bar zumunci.
Auta

Auta,

Ina gaishe ki. Ki sa hannu. Ki samo masu ɗaukar kaya, kada Baba ya ɗaga ko kujera.

Jiya na kira shi. Mun daɗe muna hira, ina ta jira ya faɗa mini da bakinsa, kamar yadda ya faɗa miki. Har muka yi sallama bai faɗa ba.

Ki huta lafiya.
Yayanki