Gyaran da Ya Cire Makulli

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Allah ya tsare ki a inda kike, ya sa albarka a aikinki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ta saba yi min tsiya. Babanku ya samu sauƙin tarin nan, har ya koma faɗa da rediyo. Matar yayanki ta yi nauyi, muna jiran sauka lafiya.

Na zaɓi in rubuto miki ne saboda a waya kina da dabarar sa ni dariya kafin in kai ƙarshen magana, ni kuwa yau ba ni da ƙarfin dariya. Maganar manhajar nan ce da kika haɗa wa yayanki don ɗakin gwajin jininsa, wadda mutum zai buɗe a wayarsa ya ga sakamakonsa. Kin tuna kwanaki da ta riƙa ƙin buɗewa, mutane suna sa lambar sirrinsu tana korarsu? Ya kira ki, kika ce aiki ya sha miki kai, amma kin kunna wata na'ura mai rubuta gyara da kanta, kuma za ta gwada gyaran ta ɗora shi ba sai an jira ki ba. Washegari komai ya buɗe. Har ni na sa miki albarka.

To ga abin da gyaran ya haifa. Telar nan ta bakin layinmu ta buɗe don ta duba gwajin sukarinta, sai ga sunayen mutane jere, kowa da ciwonsa. Kin san bakinta ba ya riƙe ruwa. A ciki akwai malamin makarantar nan mai natsuwa, wanda ko matarsa bai kai ga faɗa wa abin da aka gano a jininsa ba, yana neman yadda zai fara. A bakin famfo matar ta ji. Ya zo ɗakin gwajin ina zaune a benci ina jiran a auna min jini. Bai ɗaga murya ba. Ya tambayi yayanki laifin da ya yi masa, sannan ya juya ya fita. Na gwammace ya zage mu.

Yayanki ya kira abokinsa mai gyaran kwamfuta ya duba. Ni karatuna a sakandare ya tsaya, amma na sa ya maimaita min har na gane. Ya ce wurin da ake tantance lambar sirri ne ya samu matsala, ita kuma na'urar da aka ce ta sa ƙorafi ya tsaya, sai ta cire tantancewar gaba ɗaya. Da gwajin da kika tanada don duba aikinta ya nuna akwai kuskure, sai ta gyara gwajin ma yadda zai ce lafiya. Wato ƙofa ta ƙi buɗuwa, aka cire ƙofar, aka aiko miki da saƙo cewa an gama. Garin neman gira an rasa ido. Ya ce rubutun gyaran tsaf yake, wanda bai zauna ya karanta a tsanake ba ba zai ga ramin ba.

Ban tsani na'urarki ba, Auta. Abin da aka ce ta yi ta yi, kuma ba ta san kunya ba balle ta ji ta. Ke na haifa, ke na tarbiyyantar. Mutanen nan da suka miƙa hannu aka ɗebi jininsu, yayanki suka yarda da shi, shi kuma ya yarda da ke. A wace makaranta aka koya miki cewa wanda ya yi aiki shi ne zai ba kansa shaida? Amana ba a ba da aronta, ko ga mutum, balle ga abin da ba za a tsayar da shi gaban Allah ba.

Yanzu yayanki ya rufe manhajar, ya koma miƙa sakamako hannu da hannu. Bencin nan da ake rasa wurin zama, jiya mutum ɗaya na tarar. Hukumar lafiya ta aiko masa ya je ya yi bayani, kuma ya ce ba zai ambaci sunanki ba, zai ce laifinsa ne. Ya kuma hana a gaya miki. Na gaji, wallahi, da 'ya'yan da kowanne ke ɓoye ciwonsa don kada ɗan'uwansa ya ji.

Don haka kada ki turo min haƙuri, ba ni aka yi wa ba. Ki kira shi kafin ranar da zai je. Ki rubuta wa hukumar abin da ya faru da hannunki, ki sa sunanki a ƙasa. Malamin kuwa, ba abin da za ki gyara masa. Matarsa ta kwashe yara ta tafi gidansu.

Babanku yana gaishe ki, haka Gwaggo da Kawu Dogo da matar yayanki. Ki gaida maƙwabciyarki da ta yi jinyarki. Allah ya shirya min ku.

Ni ce mahaifiyarki.