Ƙwayar Da Ta Sauya Mini Batir, In Kai wa Umma?

Anti, don girman Allah ki raba mana gardama ni da Yayata, kafin abin ya kai mu ga gaba.

Ni tela ne. Wuni nake a kan keke, baya ya ƙage, ƙafa ta kumbura, da azahar kuwa sai gyangyaɗi, har na taɓa ɗinke bakin hannun rigar wani ruf. Ana haka na ci karo da bidiyon wani bawan Allah a waya, yana tallan wasu ƙwayoyi koraye shar, wai zallar ganye ne. Na yi oda. Anti, wallahi kamar an sauya mini batir!

Kuma fa na bi ƙa'idarsa sau da ƙafa. Ya ce a kora da ruwa mai yawa, a taka da ƙafa don maganin ya zaga jini, a bar lemon kwalba domin yana kashe ƙarfinsa, a kwanta da wuri saboda cikin barci yake aiki. To, na jingine babur, da ƙafa nake zuwa shago. Lemo kuwa na yi masa saki uku. Wandona ma sai da na rage masa ƙugu. Maƙwabcina mai gyaran waya sai tsokanata yake, wai ko angwanci nake shiri.

Ga inda rigimar take. Ummanmu na da hawan jini, ta daɗe tana shan maganin asibiti, kullum cikin mitar ta gaji da haɗiya. Mai bidiyon ya ce nasa yana korar hawan jini, har ya nuno masu zubar da na likita. Na sayo mata kwalba guda, na ce ta ajiye na asibitin ta koma wannan. Umma ta yi ta sa mini albarka. Yaya na jin labari ta zo ta sure kwalbar ta jefa a jaka, ta ce sai dai bayan ranta. Raina ya ɓaci ƙwarai. Ni da na gani a jikina! Ki gaya mata gaskiya, Anti, tana karanta filinki.

Tela Mai Sabon Batir

Ƙanena, na taya ka murna, kuma ban ƙaryata ka ba: ka ji sauƙi da gaske. Amma sake karanta wasiƙarka. Kana tafiyar ƙafa, ka bar zaƙi, kana shan ruwa, kana barci. Ko alawa ka haɗiya a kan wannan tsarin, da wuya ƙugun wandon nan ya tsira. Ƙafafunka suka yi aiki, kwalba ta karɓe yabo.

Ban ce duk irin waɗannan kayan banza ne ba. Wanda gwaji ya nuna jikinsa ya rasa wani sinadari, likita kan rubuta masa, ya kuma amfana. Sai dai mai bidiyo bai auna ka ba, ba ka kuma san abin da ya ɗura a ciki ba. Wasu ma ba sa jituwa da maganin asibiti. Kana son sanin gaskiya? Ajiye ƙwayar na ɗan lokaci, ka ci gaba da sauran, ka saurari jikinka.

Batun Umma kuwa, a nan ba na wasa. Hawan jini ba ya sallama. Mutum na hira garau, sai a ji ya faɗi, ɓarin jiki ya shanye. Kada ta tsallake maganinta ko sau ɗaya. Ku raka ta asibiti kai da Yaya, da kwalbar a hannu, ku faɗa wa likita ta gaji da haɗiya, wataƙila akwai abin da zai sauƙaƙa mata.

Ƙauna ce ta sa ka sayo, ƙauna ce ta sa Yaya ta ƙwace. Amma ka tuna, idan ka yi kuskure a kanka, kwalba ka yi asara. Idan ka yi a kan Umma, ba a yin odar wata uwar.

Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya bar ku tare da ita.

Anti